Tambaya da Amsa: Katin Jam'iyya da Wa'azin Kamfani

Makonni biyu da suka wuce na rubuta a wannan shafi cewa ba ni da katin kowace jam'iyya, kuma raina ba ya so idan na ga manyan kamfanoni suna tsoma baki cikin rigingimun al'umma, suna koya wa mutane abin da za su so da abin da za su ƙi. Wasiƙu sun yi ta shigowa, wasu da zafi. Na ɗauki uku.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne, shekarata 24, tun ina sakandare nake bin shafinka, amma wannan karon ban ji daɗin maganarka ba. Idan kamfani yana da kuɗi, yana da muryar da duniya ke saurare, ya fito ya tsaya wa waɗanda ake zalunta, ina laifinsa? Lokacin da Nike ya saka Colin Kaepernick a tallarsa, ni dai na ji daɗi. Abokina ya ce duk mai irin ra'ayinka yana da ɓangaren da yake yi wa aiki a ɓoye. Ka gafarce ni in na yi rashin kunya, amma haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba ka yi rashin kunya ba, kuma maganar abokinka gaskiya ce a kan mutane da yawa. A 2018, da Nike ya fitar da wannan talla, wasu Amurkawa sun ƙona takalmansu suna cewa bai kamata kamfani ya shiga siyasa ba. Kaepernick kuwa, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, tun 2016 yake durƙusawa a kan gwiwa ɗaya idan ana taken ƙasa, don nuna ɓacin ransa kan yadda 'yan sanda ke kashe baƙar fata. A watan Yulin 2020 shugaban kamfanin kayan abinci na Goya, Robert Unanue, ya je Fadar White House ya yabi Donald Trump. Nan take aka yi musayar wuri: da yawa daga masu yabon Nike suka ce a ƙaurace wa kayan Goya, masu ƙona takalma kuma suka ce ɗan kasuwa yana da 'yancin faɗin ra'ayinsa. Irin waɗannan ba aƙida suke karewa ba.

Ga yadda za ka gane mutum. Ka ce ya ambata maka kamfani ɗaya da ya goyi bayan abin da shi kansa yake so, amma duk da haka yake ganin bai dace kamfanin ya yi ba. In ya kasa, abokinka ya yi gaskiya a kansa. Ni nawa shi ne Nike ɗin nan da ka ambata. Ina tare da Kaepernick ɗari bisa ɗari. Mutum ne da ya yi magana da bakinsa, ya biya da sana'arsa, domin bayan kakar 2016 babu ƙungiyar da ta sake ɗaukarsa wasa. Abin da ba na so shi ne kamfanin takalma ya ɗauki wannan sadaukarwa ya liƙa mata tambarinsa.

Bari in gaya maka inda abin ya samo asali a wurina. Na yi shekara 19 ina aikin akanta a wani kamfani mai ma'aikata fiye da dubu kafin in koma rubutu. Wata safiya na iso ofis na tarar an rataya ƙaton allo a bakin ƙofa, an rubuta cewa "mu" muna goyon bayan wata fafutuka da ake ta maganarta a lokacin. Ni da ke riƙe da littattafan kuɗi ban san da zancen ba sai da takardar biyan kuɗin allon ta iso teburina. Mutum huɗu ne suka zauna a ɗaki suka yanke shawarar, biyu daga cikinsu 'yan sashen talla. A wannan watan ne kuma albashin masu shara da masu gadi ya makara da kwana 11, saboda ta hannun ɗan kwangila ake biyansu, kuma an danne takardarsa a sama. Wani dattijo mai gadi ya tare ni da yamma, ya nuna allon, ya ce, "Yallaɓai, cikin 'mu' ɗin nan da aka rubuta, har da mu?" Har yau ina jin nauyin rashin amsar da na yi masa.

Kamfani taro ne na mutanen da neman abinci ya haɗa su. Akwai mai addini da marar addini, akwai ɗan wannan jam'iyya da ɗan waccan, akwai tsohuwar da kuɗin fanshonta ke cikin hannun jarin kamfanin ba ta ma sani ba. Idan shugaban kamfani ya fito ya ce "mun tsaya a kan kaza", ya ari bakinsu duka ba tare da ya tambaye su ba, kuma da kuɗinsu ya yi. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya yi wannan magana a wata maƙala da ya rubuta a mujallar New York Times a 1970: manajan da ke kashe kuɗin kamfani a kan abin da shi yake ganin alheri ne ga al'umma, tamkar ya ɗora wa masu hannun jari da ma'aikata da masu saye haraji ne, ya kuma zaɓi inda za a kashe, alhali babu wanda ya zaɓe shi don wannan aiki. A nan na yarda da shi. Inda muka rabu shi ne yadda ya taƙaita aikin kamfani ga neman riba. Zan zo kan wannan a amsa ta gaba.

Ɗan majalisa, komai lalacewarsa, akwai ranar da zai dawo yana roƙon ƙuri'arka. Shugaban kamfani ba kai ka naɗa shi ba, ba ka da ikon cire shi, kuma a taron masu hannun jari da yawan jari ake ƙidaya ƙuri'a, mai miliyan ya rinjayi mutum dubu masu ɗai-ɗai. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin Citizens United a 2010, alƙalai 5 suka rinjayi 4, aka buɗe wa kamfanoni ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a kan tallace-tallacen zaɓe muddin ba su miƙa wa ɗan takara kai tsaye ba. Waɗanda suka yi kuka da wannan hukunci sun yi daidai. Abin da ke damuna shi ne ganin wasunsu daga baya suna roƙon waɗannan kamfanoni su ƙara shiga siyasa, don kawai a wannan karon suna ɓangarensu.

Sannan ka dubi abin da ke faruwa idan kiɗa ya canza. Bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020, da wuya ka sami babban kamfanin Amurka da bai fitar da sanarwa ba, ana ta alkawarin shirye-shiryen ɗaukar marasa rinjaye aiki da ɗaga su. Daga rabin ƙarshe na 2024 zuwa farkon 2025, Walmart da Ford da McDonald's da Meta suka bi sahu suna janye irin waɗannan shirye-shirye. Bayan harin da aka kai wa ginin majalisar Amurka ranar 6 ga Janairun 2021, kamfanoni da dama sun ce sun dakatar da ba da gudummawa ga 'yan majalisa 147 da suka ƙi amincewa da sakamakon zaɓe. Ba a jima ba da yawansu suka ci gaba da bayarwa shiru. A watan Oktoban 2019 kuma, Daryl Morey, manajan ƙungiyar kwando ta Houston Rockets, ya rubuta layi ɗaya a Twitter yana goyon bayan masu zanga-zanga a Hong Kong. Ya goge shi, sanarwar farko ta hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta nuna takaici kan ɓata wa masoyanta na ƙasar Sin rai, gidan talabijin na gwamnatin Sin ya yi kusan shekara bai nuna wasanninsu ba. Hukumar da 'yan wasanta ke magana kan zalunci a gida ba tare da tsoro ba, muryarta ta yi sanyi da aka taɓa kasuwarta. Ɗana, wanda ake zalunta ba ya buƙatar mai tsaya masa da zai duba littafin ciniki kowace safiya kafin ya san ko yana tare da shi.

Kada ka ɗauka ina so a rufe musu baki da doka. A 2022 kamfanin fina-finai na Disney ya soki wata dokar jihar Florida da ta taƙaita koyar da batutuwan jinsi a ƙananan azuzuwa, bayan shugabansa na lokacin, Bob Chapek, ya yi shiru ma'aikata suka matsa masa. Gwamna Ron DeSantis da majalisar jihar suka rama ta hanyar ƙwace ikon gundumar musamman da kamfanin ke gudanarwa tun 1967. A ganina Disney bai kamata ya shiga ba. Amma abin da gwamnan ya yi ya fi muni, domin hukuma ce ta hukunta wani saboda maganarsa, kuma sandar da ta daki kamfani yau za ta daki jarida gobe. Kamfani yana da 'yancin magana. Ni kuma ina da 'yancin in ce masa bai dace ba, in ƙi ɗaukarsa limamina.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciya ce a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani. Na fahimci maganarka, amma ka manta da Afirka ta Kudu. Da kamfanonin duniya sun ce ba ruwansu da siyasa a zamanin wariyar launin fata, ai da sun zama abokan zalunci. Wani lokaci shiru ma ɗaukar ɓangare ne. Ina za ka saka wannan?

Amsa: Malama, wannan ita ce tambaya mafi ƙarfi da aka aiko mini, kuma na daɗe ina juya ta.

Kamfanin da ke da masana'anta a Afirka ta Kudu a wancan zamani ba ɗan kallo ba ne. Shi ne ke raba wa ma'aikata banɗaki da ɗakin cin abinci bisa launin fata, shi ne ke biyan baƙi ƙasa da farare a kan aiki iri ɗaya, harajinsa kuma yana shiga aljihun gwamnatin. Hannunsa na ciki dumu-dumu. Limamin coci Leon Sullivan, baƙar fata na farko a kwamitin daraktocin General Motors, ya fitar da ƙa'idoji a 1977 ga kamfanonin Amurka da ke can: a daina wariya a wurin aiki, a biya albashi daidai a kan aiki daidai, a horar da baƙi su hau muƙamai. Ki lura, yawancin abin da ya nema yana cikin harabar kamfanin ne. A 1987 shi da kansa ya ce wannan bai isa ba, kamfanoni su fice. Ficewa ma hukunci ne a kan inda kamfani zai ajiye kuɗinsa da wanda zai yi ciniki da shi. Babbar guduma kuwa daga hannun zaɓaɓɓu ta fito: a 1986 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar takunkumi, Shugaba Ronald Reagan ya hau kujerar naƙi, majalisar ta tattara kashi biyu bisa uku ta tsallake shi.

To ga layin da nake ja. Abin da kamfani yake aikatawa da hannunsa, a kansa ba shi da uzurin cewa ba ruwansa: albashi, lafiyar ma'aikaci, dattin da yake zubarwa a ruwa da iska, harajin da yake biya ko yake gudu, gaskiyar abin da ya rubuta a jikin kaya, da yanayin masana'antun da yake sayen kaya a wurinsu. A nan na fi Friedman tsanani nesa ba kusa ba. Lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladash a watan Afrilun 2013 ya kashe fiye da mutum 1,100, yawancinsu masu ɗinka tufafin da ake sayarwa a Turai da Amurka, abin da ya amfani ma'aikata shi ne yarjejeniyar duba gine-gine da kashe gobara da kamfanoni sama da 200 suka sanya wa hannu tare da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda ake iya kai kamfani ƙara in ya saɓa. Irin wannan yana cin kuɗi, yana da sufeto, yana da hukunci. Sanarwa kuwa arha gare ta. A 2019 shugabannin kamfanoni 181 na ƙungiyar Business Roundtable sun sanya hannu kan takardar cewa daga yanzu za su yi wa ma'aikata da al'umma hidima, ba masu hannun jari kaɗai ba. Babu wata kotu da za ki kai takardar nan ki ce an saɓa miki.

Laifi tudu ne, in ji masu magana. A shekarar 2000 kamfanin mai na BP ya canza tambarinsa zuwa kore, yana tallar cewa ya hango abin da ke gaba da man fetur. A 2010 rijiyarsa da dandalin haƙar mai na Deepwater Horizon ke aiki a kanta ta fashe a Tekun Meziko, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana tsiyaya. Volkswagen ya yi shekaru yana tallar dizal mai tsafta, sai a 2015 aka gano ya dasa manhajar yaudarar masu gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11.

Na yarda akwai wuraren da layin nawa ba ya fita sarai. A 2021 kamfanin ayis kirim na Ben & Jerry's ya ce zai daina sayar da kayansa a matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna a Gaɓar Yamma da Kogin Jodan. Wannan wa'azi ne ko zaɓen inda za ka yi ciniki? Ni na ɗauke shi a na biyu, kuma ban ga laifinsa ba. Amma dubi ƙarshensa: Unilever, wanda ya sayi kamfanin a shekarar 2000, ya sayar da harkar Isra'ila ga ɗan kasuwar da ke da lasisi a can a 2022, cinikin ya ci gaba. Mai jari ne ya yi magana ta ƙarshe.

Ke da ke sashen ma'aikata, abu ɗaya nake roƙonki. In an kawo takarda a ce kowa ya sa hannu yana goyon bayan wani ra'ayi, ki tambaya me zai sami wanda ya ƙi. A 2020 shugaban kamfanin hada-hadar kuɗin intanet na Coinbase, Brian Armstrong, ya ce kamfaninsa ba zai shiga batutuwan da ba su shafi aikinsa ba, ya ba duk wanda bai yarda ba kuɗin sallama, kusan mutum 60 suka karɓa. Ba na yabon duk abin da ya yi, amma ya faɗa a fili, kuma bai tilasta wa kowa ya furta abin da ba ya zuciyarsa ba.

Tambaya: Malam, ni tsaranka ne, kuma shekarata 30 da katin jam'iyya a aljihu. Ku da kuke cewa ba ku yarda da jam'iyya ba, ku kuka bar mana fili ɓatagari suka cika shi. In babu jam'iyya, me za ka kafa a madadinta? Kai ma kana zaɓe kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, ina zaɓe, ban taɓa fashi ba sai sau ɗaya da nake kwance a asibiti. Kuma rabin zarginka na karɓa.

Ni ma na taɓa riƙe kati, shekara shida. Abin da ya fitar da ni shi ne wani zaɓen fid da gwani da muka kwana muna layi a kansa, daga baya na gane tun mako biyu kafin ranar an riga an rubuta sunan wanda zai ci. Na ɗauka cutar jam'iyyarmu ce kaɗai, sai na karanta aikin Robert Michels, Bajamushen da ya nazarci jam'iyyar SPD ta Jamus a 1911, jam'iyyar ma'aikata da ta fi kowace alfahari da cewa membobi ke mulkinta. Ya nuna cewa da ƙungiya ta girma, sai ta buƙaci ma'aikatan dindindin. Su ke riƙe da rajista, da baitulmali, da jarida, da sanin dokokin taro, kuma abincinsu ya dogara da zamansu a kujera. A hankali sai kare ƙungiyar ya sha gaban abin da aka kafa ta dominsa. Ƙara da kuɗin yaƙin neman zaɓe, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. George Washington ya gargaɗi Amurkawa kan ruhin jam'iyya tun 1796 da yake ban kwana da mulki. Simone Weil, Bafaranshiya mai falsafa, ta rubuta a Landan a 1943 cewa a soke jam'iyyu gaba ɗaya, domin a ganinta suna koya wa mutum ya tambayi me ɓangarenmu ya ce kafin ya tambayi mece ce gaskiya. Wannan ciwo na gan shi a kaina, na kare abubuwan da na san ƙarya ne saboda namu ne ya faɗa.

Amma ban bi Weil har ƙarshe ba, ga dalili. Michels ɗin nan da ya fallasa jam'iyyu, daga baya ya koma Italiya ya rungumi Mussolini, yana ganin mutum ɗaya mai kwarjini zai yi abin da jam'iyyu suka kasa. A Yuganda kuma, daga 1986 aka hana jam'iyyu tsayar da 'yan takara da sunan tsarin da kowa zai tsaya da ƙafarsa, har sai da ƙuri'ar raba gardama ta 2005 ta dawo da su. Abin da aka samu a tsakani jam'iyya ɗaya ce da ba ta amsa sunanta. Don haka ba ni da abin da zan kafa a madadinsu. Ina so su kasance, su yi yawa, su ji tsoron faɗuwa, ni kuma in tsaya a waje ina ƙirga musu.

Inda ka fi ni gaskiya shi ne maganar fili. A binciken jin ra'ayin jama'a da kamfanin Gallup ya yi a 2023, kashi 43 cikin ɗari na Amurkawa sun ce su 'yan ba-jam'iyya ne, Democrat da Republican kowacce ta sami kashi 27. Mutanen da suka yanke ƙauna daga jam'iyya ba sa daina son a ji su, sai su juya ga kamfanin da ke sayar musu da waya ko takalmi su ce ya yi magana a madadinsu. Wato irina muna da hannu a abin da nake kuka da shi. Shi ya sa nake da littafi guda da nake rubuta yadda wakilina ya kaɗa ƙuri'a a majalisa, nake zuwa taron jin ra'ayin jama'a ko da mu goma ne a zauren, kuma a zaɓen da ya wuce na raba ƙuri'una tsakanin jam'iyyu uku.

Kai kuma da ke ciki, ina da buƙata a wurinka. Ka rubuto mini membobi nawa ne a rajistar mazaɓarka, nawa daga cikinsu suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani na ƙarshe, kuma wa ya biya kuɗin zauren. Zan buga amsarka a nan yadda ka aiko ta, ba zan cire ko kalma ɗaya ba.